Sau Nawa Za a Taɓa Ƙofarka Kafin Ka Tashi?

Saƙon ya shigo wayarka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Google ne, ko Yahoo, ko Microsoft, yake gaya maka da Faransanci cewa wani ya yi ƙoƙarin shiga akwatin imel ɗinka da wata na'ura baƙuwa, daga wata ƙasa da ko a mafarki ba ka taɓa takawa ba. Me ka yi? Ka sa babban yatsa ka ture shi gefe, ka koma kan bidiyon da kake kallo. Washegari ya dawo, ka sake ture shi. Da wani ya yi maka magana a fada ana zagayen shayi, sai ka ɗaga kafaɗa ka ce, "To ni me gare ni da za a sata?"

Wannan amsar ce ta sa na zauna rubutu, kuma ba lallashi na zo yi ba. Da kai nake, ɗalibin Jami'ar André Salifou. Da kai nake, Alhaji mai shago a Kasuwar Dole. Da ke nake, Hajiya mai sayar da atamfa da turare ta WhatsApp daga cikin gida a Birni. Har da kai Mushe, mai tebur da hatimi a ofis, wanda ya kamata a ce shi ke yi wa saura faɗa.

Me gare ka? Bari in lissafa maka, tunda ka manta. Ranar da ka sayi Tecno ko Itel ɗin nan da ke hannunka, sai da aka buɗe maka akwatin Google kafin ka iya sauke ko manhaja ɗaya. Lambobin mutanenka a can suke ajiye. Hotunan sunan 'yarka da na bikin ƙanwarka mai yiwuwa suna can. Tarin hirarrakinka na WhatsApp can ake kai shi ajiya. Idan ka manta kalmar sirrin Facebook, can za a aiko maka da hanyar sake ta, wato duk wanda ya riƙe imel ɗinka ya riƙe Facebook ɗinka ke nan ba tare da ya sha wahalar fasa shi ba. Sannan ka tuna duk takardun da ka ɗauka hoto ka aika: katin ɗan ƙasa, fasfo, takardar haihuwa, sakamakon BAC, dosiyen neman tallafin karatu, dosiyen neman aiki a matatar SORAZ ko a wata ƙungiyar agaji. Ba ka goge ko ɗaya ba. Suna nan jere a cikin saƙonnin da ka aika, da hotonka da sunan mahaifiyarka da sa hannunka.

Duk wannan ma ba shi ne babban abin ba. Sunanka ake nema. Kai ba ka da miliyan a banki, na yarda. Amma kana da yaya a Agadas da ƙane a Libiya da kawu a Kano, waɗanda in suka ga saƙo daga gare ka cewa Inna tana asibiti a turo jika hamsin ta Nita ko Al Izza, ba za su tsaya bincike ba, domin kai ne, kuma ba ka taɓa yi musu ƙarya ba. Amanar da ka shekara talatin kana tarawa, ita ce hajar da ɓarawon zai kai kasuwa. Kuɗin da za a yi asara ba naka ba ne, na waɗanda suka yarda da kai ne. Saboda haka in ka ce ba ruwanka, da aljihun 'yan'uwanka kake wasa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a Damagaram ake wannan sakacin. Garin da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye da ganuwa mai kauri, ya sa mata ƙofofi da masu tsaro, har ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a nan cikin gari. Mutanen da suka kwaɓa ƙasar ganuwar nan ba su jira sai sun ga ƙurar dawakin abokan gaba suka fara ɗebo ruwa ba. Sun san gari mai arziki, mahaɗar ayarin Kano da na Agadas, dole a yi ta gwada shi, kuma gwajin ba abin mamaki ba ne. Abin kunya shi ne a zo a tarar da ƙofa a buɗe. Mai tsaron ƙofa da za a ce masa an ga baƙi suna lalube cikin dare uku a jere, ya yi hamma ya juya kwanciya, ka san abin da fada za ta yi da shi. Kai ga shi ana gaya maka a rubuce, da rana da sa'a da sunan ƙasar da aka zo daga ita, kana turewa da yatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan kai ka yi ta da hannunka.

Ka fahimci abin da ke faruwa, domin rashin fahimtar ne ke haifar da surutan banza. Na sha jin ana cewa maƙiya ne, ko kishiya ce, ko wani abokin gasa a kasuwa ne ya sa aka yi. Yana yiwuwa, amma da wuya. Yawancin masu taɓa akwatinka ba su san ka ba, ba su san inda Zinder take a taswira ba, kuma ba mutum ba ne zaune yana dannawa. Kwamfutoci ne aka ɗora wa aiki, suna bin jerin sunaye dare da rana. Jerin kuwa daga rumbunan kamfanonin da aka fasa yake fitowa. A 2013 an fasa Yahoo, kuma sai a 2017 kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi dukkan akwatunansa, wajen biliyan 3. Ka duba katunan manyan ma'aikatanmu ka ga nawa ne adireshinsu ya ƙare da yahoo.fr, sannan ka tambaye su yaushe rabonsu da sauya kalmar sirri. An fasa LinkedIn a 2012, bayan shekara huɗu aka ga bayanan mutum fiye da miliyan 100 a kasuwar ɓarayi. A Janairun 2019 wani masanin tsaro ɗan Ostareliya, Troy Hunt, ya bayyana wani tari guda da ke ɗauke da adireshin imel kusan miliyan 773 haɗe da kalmomin sirri. Shi ne mai shafin Have I Been Pwned, inda za ka rubuta adireshinka kyauta a gaya maka ko yana cikin waɗanda suka zube.

Da wannan tarin ake aiki. A ɗauki adireshinka da kalmar da ka sa a wani ƙaramin shafin wasa ko na neman aiki shekara takwas da suka wuce, a gwada su a Gmail, a gwada a Facebook, a gwada a Outlook. In kalma ɗaya kake sawa ko'ina, an gama da kai. Wata dabarar kuma ita ce a ɗauki kalma guda mai arha, irin 123456 ko azerty, wato haruffan farko na allon rubutun Faransanci, a bi dubban akwatuna da ita. Kada ka ce wannan sai wawaye take kamawa. A Janairun 2024 Microsoft da kansa ya fito ya ce da irin wannan gwajin aka shiga wani tsohon akwatinsa na gwaji da ba a sa wa kulle na biyu ba, daga nan aka kai ga karanta saƙonnin manyan shugabannin kamfanin. In hakan ta faru da masu ƙera abin, kai da ka sa sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa, ko lambar wayarka da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagonka, da me kake taƙama?

Yanzu mu zo kan ainihin ciwon namu, wanda ba daga Turai ya zo ba. Mutum ya sayi waya, ya miƙa wa yaron da ke zaune a gindin lema ya ce, "Buɗe mini komai da komai." Yaro ya zaɓi suna, ya zaɓi kalmar sirri, sau da yawa ya sa lambar kansa a gurbin lambar ceto domin ya yi sauri ga layi na jiransa. Ya rubuta a guntun kwali ya ba ka, ka jefa a aljihu, aka wanke rigar. Yau shekara biyar kana ɗauke da akwatin da ba ka san mabuɗinsa ba, wani kuma ya sani. Ban ce yaran nan ɓarayi ba ne. Mafi yawansu neman halalinsu suke, kuma ba domin su ba da rabin gari bai shiga intanet ba. Amma mutumin da ke buɗe akwati ashirin a yini ba zai ƙirƙiro kalma ashirin masu wuya ba, salo ɗaya yake maimaitawa. Laifin ba nasa ba ne. Naka ne, da ka karɓi waya ba ka ce masa ya nuna maka inda ake sauya kalmar ba. Kai Alhaji da ba ka yarda yaron shagonka ya kwana da makullin sito, ka bar wannan a hannun wanda ko sunan ubansa ba ka sani ba.

Haka masu zuwa shagon kwamfuta buga takarda. A shiga imel a na'urar kowa da kowa, a sauke dosiye, a biya dala ashirin, a fita a bar akwati a buɗe ga duk wanda zai zauna bayanka. Iyaye mata kuwa nasu ya fi tsanani, don sau da yawa miji ko ƙane ko ɗa ne ya buɗe, shi ke riƙe da komai, ranar da aka ɓata ko aka rabu sai a tarar kasuwancin shekaru yana hannun wani. Hajiya, kuɗin adashinki ba kya ba kowa ajiyarsa a makance. Ki sa a zauna da ke a nuna miki, ki sauya kalmar da hannunki bayan an tashi.

Maganin ba ya cin ko dala. Kalmar sirri ta zama doguwa, kuma ta imel ta zama ita kaɗai, kada a sa ta a wani wuri. Ba sai ka cika ta da alamomin da kai ma za ka manta ba. Haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, waɗanda ba karin magana ba ne kuma ba sunayen iyalinka ba. Tsawo shi ke gajiyar da na'ura. In kana tsoron mantuwa, rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardar gida. Ɓarawon da ke wata nahiya ba ya iya buɗe akwatin ƙarfen ɗakinka.

Sannan kulle na biyu, wanda shi ne abin da kuka fi gudu. Ma'anarsa ko mutum ya san kalmarka, sai ya kawo wata shaida da ke cikin wayarka. Google ya fitar da sakamakon wani bincike a 2019 da ya nuna cewa lambar da ake aikowa ta SMS ta tare duk hare-haren na'urori masu gwaji da aka auna, ta kuma tare kashi 96 cikin 100 na saƙonnin yaudara da ake watsawa barkatai. Aikin minti biyar ne. Me kuke cewa? "Yana da wahala, kullum sai an tambaye ni lamba." Ba kullum ba ne, sai in ka shiga da sabuwar na'ura. Kuma wanda ke iya tsayuwar awa guda a layin mai bai isa ya ce minti biyar sun fi ƙarfinsa ba.

Sai dai akwai tarko a nan da ya dace da halinmu. Mu mutane ne masu sauya layi. Yau Airtel, gobe Moov, jibi Zamani don an yi garaɓasa, in an tsallaka Maigatari ko Daura a sa na Najeriya. Layin da ka yar a cikin durowa ba ya zama naka har abada. In ya daɗe ba a aiki da shi kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani, kuma in ita ce lambar ceton akwatinka, saƙon sake kalmar sirrinka wayar baƙo zai riƙa shiga. Buɗe ka duba wace lamba ce a ciki, yau. Ga matafiyi kuma, wanda SMS ba ya samunsa a hanyar Tanout ko a ƙetaren iyaka, manhaja irin Google Authenticator ta fi: tana fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30, kuma ba ta bukatar layi ko intanet. Google yana ba da lambobin ajiya guda 10 na ranar da waya ta ɓace ko ta faɗa randa. Kwafe su a takarda. Wanda ya ƙi yin wannan, ranar da aka fizge masa waya a kan kabu-kabu ya rasa waya ya rasa akwati, kada ya zo yana zagin kamfani.

Akwai kuma wani rukuni, kishiyar na farko, su ma sai an ja musu kunne. Su ne masu firgita. Da sun ga an ce an yi ƙoƙarin shiga, jiki na rawa su danna maɓallin da ke cikin saƙon, su zuba kalmar sirrinsu a shafin da ya buɗe. To ɓarayi sun san da ku. Saƙon gargaɗi na ƙarya yana daga cikin manyan makamansu. A Maris na 2016 John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, ya samu saƙo mai kama da na Google cewa wani daga Yukren ya samu kalmar sirrinsa, ya gaggauta sauya ta. Aka bi maɓallin. Kafin zaɓen Nuwamba dubban saƙonninsa suna shafin WikiLeaks duniya na karantawa. Mutum ne mai ma'aikatan kwamfuta a gefensa. Ƙa'idar ɗaya ce: in gargaɗi ya zo, kada ka bi ta cikinsa. Rufe shi, ka buɗe saitin akwatinka da kanka, ka shiga sashen tsaro, a can za ka ga jerin na'urorin da suka shiga da waɗanda aka hana. In duk an hana su, kalmarka doguwa ce, kulle na biyu yana aiki, to ka kwantar da hankalinka. Gwajin da bai yi nasara ba zai ci gaba, wataƙila har shekaru, domin adireshinka ya riga ya shiga jeri kuma ba ya fita. Masu Outlook ma suna da wata dabara: a ƙara sabon adireshi a akwatin, a mai da shi na shiga, a hana shiga da tsohon, saƙonni su ci gaba da zuwa, masu gwaji kuma su riƙa dukan iska.

Amma in abin da ke zuwa maka lambar tabbatarwa ce da ba ka nema ba, ko tambaya a fuskar waya cewa kai ne ke son shiga, wannan wata magana ce. Alama ce mai ƙarfi cewa kalmarka tana hannun wani, kulle na biyu ne kaɗai ya rage. Sauya ta nan take. Kuma kada ka danna "eh" don kawai ƙarar ta ishe ka. Haka aka shiga kamfanin Uber a Satumban 2022: aka yi ta aika wa wani ɗan kwangilarsu tambayar har ya amince da ɗaya. Irin tamu ta gida kun san ta. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi ta yi sallama ta ce, "Ranka ya daɗe, lamba shida ta shigo wayarka bisa kuskure, don Allah karanto mini." Ko a ce daga ƙungiyar da za ta raba tallafi ne, ko an sa ka a wani zauren malamai. Kunya ta hana ka cewa a'a, ka karanta. Babu kamfani, babu banki, babu ofishin gwamnati da zai nemi ka karanto masa wannan lambar. Ko muryar ta yi kama da ta surukinka, kashe wayar ka kira shi a lambar da ka sani.

Wasu kuma maganinsu shi ne gudu. Akwati ya dame su da gargaɗi, sai su watsar da shi su buɗe sabo. Tsohon yana nan da takardunka a ciki, har yanzu shi ne ke ɗaure da Facebook ɗinka, kuma yanzu babu mai duba shi. Ka sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ke nan.

Ofisoshi ba zan ƙyale ku ba. Akwati ɗaya na sashe guda, kalmar sirri a manne jikin kwamfuta, sakatare ya sani, direba ya sani, ɗalibin da ya zo koyon aiki wata uku ya tafi da ita a kansa. Shugaba yana aika takardun hukuma, jerin albashi da sunayen masu cin gajiyar tallafi, da adireshinsa na kansa da ya buɗe tun yana makaranta. An yi masa sauyin wurin aiki ya tafi da tarihin ofis gaba ɗaya. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido a kai. Bayanan talakawan da ke cikin akwatunan nan amana ce, ba kayan gadonku ba ne.

Kada kuma wani ya kawo mini zancen ƙaddara. Babu malamin da ya taɓa koya mana a Birni ko a Zango cewa tawakkali shi ne barin sababi. Lalaci ne kawai aka naɗa wa rawani.

In kuwa an riga an shiga, sauya kalma kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa karo na biyu. Fitar da duk na'urorin da ke ciki. Duba lambar ceto da adireshin ceto, don abin da ɓarawo ke fara sauyawa ke nan. Duba ko an saita akwatin ya riƙa tura kwafin saƙonninka wani wuri a ɓoye, domin ana iya korar mutum ya ci gaba da karanta wasiƙunka wata da watanni. Sauya kalmar duk wani shafi da ke rataye da wannan imel ɗin. Shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Yulin 2019, ko da yake mun fi jin sunanta in an kama ɗan jarida ko mai rubutu a Facebook. Ɗauki hoton shaidun ka kai wa 'yan sanda.

Kafin duk wannan, ajiye girman kai ka sanar da mutane. Na san dalilin shirun: kada a ce Malam wane, mai digiri, an yi masa wayo. Kana ɓoyewa, ana bin 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka. Ari waya ka kira yayanka da ƙanenka da abokan cinikinka, ka sa a faɗa a zauren dangi da na unguwa cewa duk saƙon neman kuɗi da ya fito daga gare ka ba kai ba ne, kada wanda ya tura ko dala sai ya ji muryarka.